Darasi Na Tara: Fassara Da Ganewa

Kafin a soma, mai jagorar taro ya sa a karanta Nehemiya sura 8, aya 1 zuwa 12, da Ayyukan Manzanni sura 8, aya 26 zuwa 39. A karanta da ƙarfi, a hankali kuma, domin tsofaffi da waɗanda ba su iya karatu ba su ji sosai.

1. Mafarin Zance

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, akwai wata kalma wadda ba ta rabuwa da bakinmu, amma da ƙyar mu kan tsaya mu bincika ma'anarta, watau fassara. In baƙo ya zo yin wa'azi mu kan nemi mai fassara. In wani ya yi mafarki ya kan tashi yana neman fassara. In aboki ya ji haushin maganarmu mu kan ce ya yi mana mummunar fassara. Littafin nan Mai Tsarki da ke hannunmu ma fassara ce, gama annabawa da manzanni ba su rubuta shi da Hausa ba. Ashe kuwa duk abin da muka sani na Almasihu ta hannun masu fassara ya iso gare mu. Ya kamata fa mu san abin da kalmar ke nufi, da nauyin da ke bisa wanda ya ɗauki aikin. Abin da mu ke so mu nuna cikin wannan darasi shi ne, fassara amana ce, mai fassara kuwa bai sauke amanarsa ba sai mai ji ya gane abin da mai maganar ya nufa, ba ƙari, ba ragi.

2. Abin Da Muka Gani A Limanti

Waɗanda suka san Maiduguri sun san tsohon garin Yerwa, wanda ya kafu a 1907, sa'ad da Shehu Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa ya zauna kusa da kogin Ngadda. Sunayen unguwanninsa suna nuna ko su wane ne suka fara zama cikinsu: Shehuri wajen Shehu, Hausari wajen Hausawa, Limanti kuwa wajen liman, ba nisa da fada. Wata shekara cikin watan azumi wani dattijon malami na Limanti, wanda mun jima muna gaisawa da shi, ya yardar mana mu zauna daga gefen zaurensa mu saurari tafsiri. Sai muka ga wani almajiri ya ja ɗan guntun aya da Larabci ya tsaya. Malam ya maimaita ma'anar guntun da wani irin harshe mai kama da Kanuri, amma ba Kanurin kasuwa ba ne. Sa'an nan ya juyo wajen jama'a ya yi bayani da Kanurin da kowa ke ji.

Harshen nan na tsakiya shi a ke kira Tarjumo. Asalinsa tsohon harshen Kanembu ne, wanda malaman Barno suka riƙa rubuta shi da ƙananan baƙaƙe tsakanin layukan Alkur'ani tun shekaru aru aru. Akwai wani Alkur'ani na Barno rubutun hannu mai irin wannan sharhi, wanda ke ɗauke da tarihin shekara ta 1669, wani masani Bature mai suna Bivar ya ba da labarinsa a 1960. Ba a ciniki da Tarjumo, ba a hira da shi, Bakanuren da bai yi karatu ba kuwa ba ya jinsa.

Da aka tashi muka ce, “Allah ya gafarta malam, me ya sa a ke faɗin magana ɗaya har sau uku?” Ya amsa da Hausa ya ce, “Na fari shi ne maganar, ba mai taɓa ta. Na biyu igiya ce da magabata suka ɗaure mu da ita, kada mu yi nisa da Larabcin. Na uku kuwa don yaron can ne da ke tsugune bakin ƙofa. In na tsaya a na biyu malamai za su yaba mini, yaron ya koma gida hannu wofi.”

Bangaskiyarmu dabam ta ke da ta wannan dattijo, shi da mu duka mun san haka. Amma ya riƙe abu biyu waɗanda kowane mai fassara dole ya riƙe su tare: tsoron kada ya kauce wa maganar, da tausayin mai ji. Mu duba yanzu mu ga yadda Littafi Mai Tsarki ya koyar da waɗannan biyu.

3. Asalin Kalmar

Fassara daga Larabci Hausa ta aro ta, tushenta ɗaya da tafsiri, ma'anarta kuwa buɗe abin da ke rufe. Tana da 'yar'uwa cikin Littafi Mai Tsarki. An rubuta littafin Daniyel daga sura 2 aya 4 har ƙarshen sura 7 da harshen Aramiya, a can kuwa kalmar da ta ke ta dawowa, duk lokacin da sarki ya nemi ma'anar mafarki ko ta rubutun jikin bango, ita ce peshar. In ka sa f a maimakon p, ka sa s a maimakon sh, ga fassararmu ta fito. Cikin naɗaɗɗun littattafan da aka fara samu a kogwannin Kumran kusa da Tekun Gishiri a 1947, akwai sharhin littafin annabi Habakuk aya bayan aya, sunan irin wannan sharhi kuwa pesher ne.

Akwai kalma ta biyu, watau tarjama, juya magana daga wani harshe zuwa wani. Ita ce uwar Tarjumo na Barno, 'yar'uwarta kuma tana cikin Ezra 4:7, inda a ke zancen wasiƙar da aka aika wa sarkin Farisa. Yahudawa suna kiran juyin Attaura zuwa Aramiya targum. Ta uku ita ce tafinta, wadda ta shigo daga Turanci zamanin mulkin Turawa. Kakanninmu sun san tafintan Razdan da na Joji, sun kuwa ji tsoronsa, domin ƙarar talaka a bakinsa ta ke, in ya ga dama ya miƙe ta, in ya ga dama ya tanƙwara. Tafinta na fari da Littafi ya ambata shi ne wanda ya tsaya tsakanin Yusufu da 'yan'uwansa a Masar, Farawa 42:23.

Amma Hausa tana da wata ƙaramar kalma tata ta gado, wadda ta fi waɗannan duka faɗi, watau ji. Da ita mu ke cewa mun ji ƙarar ganga, ji na kunne ke nan. Da ita mu ke tambayar baƙo ko yana jin Hausa, ji na ganewa ke nan. Da ita kuma uwa ke kuka ɗanta ba ya jin magana, ji na biyayya ke nan. Kalmar Ibrananci shema haka ta ke, ta haɗa saurarawa da biyayya. Aikin fassara shi ne ta ɗauki mutum daga ji na fari ta kai shi na biyu, domin ya iya kaiwa na uku.

4. Taron Ƙofar Ruwa

Wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, da aka gama gina garun Urushalima, jama'a suka taru a filin da ke gaban Ƙofar Ruwa, kamar yadda mutanen Yerwa ke taruwa a Dandal gaban fadar Shehu. Ran ɗaya ga wata na bakwai ne. Ezra ya hau dakalin katako da aka yi musamman, mutum 13 suna tsaye dama da hagunsa, ya yi ta karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana. Maza da mata da yaran da suka yi wayo duk suna wurin.

Ku lura fa, karatun Ezra kaɗai bai isa ba. An lissafta sunayen Lawiyawa 13 waɗanda aikinsu shi ne su fahimtar da jama'a. Aya ta 8 ta nuna mataki uku: aka karanta dalla dalla, aka ba da ma'ana, jama'a suka gane. Mutanen nan jikokin waɗanda aka kai bauta Babila ne, Aramiya ta fara cin Ibrananci a bakinsu, har Nehemiya 13:24 ya yi kukan waɗansu yara da ba su iya harshen Yahuza ba. Malaman Yahudawa na dā sun ce daga wannan rana targum ya samo asali. Daga baya ya zama al'ada cikin majami'unsu mai karatu ya karanta ayar Attaura ɗaya ya tsaya, mai fassara ya juya ta da ka, ba ya duban littafin, don kada jama'a su zaci maganarsa ita ce a rubuce. Wanda ya zauna zauren Limanti ba zai yi mamakin wannan tsari ba.

Me ya biyo bayan ganewa? Da fari suka fashe da kuka, gama sun ga nisan da suka yi da umarnin Allah. Shugabanni suka hana su, suka ce ranar mai tsarki ce, su tafi su ci su sha, su aika wa waɗanda ba su da kome. Aya ta 12 ta faɗi dalilin murnarsu, ba garu ba ne, ba abinci ba ne, sai don sun gane abin da aka karanta musu. Kashegari shugabannin gidaje suka komo neman ƙari, suka iske umarnin Idin Bukkoki, suka fita suka saro rassa suka kafa bukkoki bisa soraye da cikin filaye. Ji uku ɗin nan sun cika cikin kwana biyu.

5. Ma'ajin Habasha Da Matafiyan Imwasu

Mutumin da Filibus ya tarar a hanyar Gaza ba jahili ba ne. Ma'ajin sarauniya Kandakatu ne, mulkinta kuwa yana bakin kogin Nilu cikin ƙasar da a ke kira Sudan yau, ƙasar da alhazan Barno na dā su kan ratsa da ƙafa in za su Makka. Yana da dukiyar sayen littafin annabi Ishaya, ya iya karatu, yana karanta sura 53 da ƙarfi cikin karusarsa. Filibus bai tambaye shi ko ya iya karatu ba, sai ya tambaye shi ko yana gane abin da ya ke karantawa. Da Helenanci kalmar karantawa tana ɗauke da kalmar sani a cikinta, kamar kwasfa da ƙwaya. Mutumin yana da kwasfa, ƙwayar ce bai kai gare ta ba.

Babban mutumin nan bai ji kunyar cewa ba zai iya ba sai da mai bishe shi. Matambayi ba ya ɓata. Tambayarsa kuwa ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci wajen fassara: annabin nan zancen wa ya ke yi? Filibus ya hau ya zauna kusa da shi, ya soma daga wurin da mutumin ya ke, bai ja shi zuwa wata aya da shi ya fi so ba, daga nan ya yi masa bisharar Yesu. Ƙarshensa baftisma, mutumin ya kama hanyarsa da farin ciki, kamar mutanen Ƙofar Ruwa.

Filibus ya bi sawun Ubangijinsa ne. Cikin Luka sura 24, ranar tashinsa daga matattu, Yesu ya tarar da almajirai biyu a hanyar Imwasu, tafiyar kamar mil 7 daga Urushalima. Sun san Littattafai, sun kuma ga abin da ya faru, amma sun yi wa gicciye fassarar faɗuwa. Ya bi da su tun daga Musa har annabawa yana nuna musu abin da ya shafe shi. Kalmar da Luka ya yi amfani da ita a aya ta 27 ita ce Bulus ya sa wa aikin tafinta cikin 1 Korinthiyawa sura 14. Ubangijinmu da kansa bai rena aikin fassara ba. Mabuɗin kuwa shi ne kansa: duk fassarar da ba ta kai mu wurin Almasihu ba, ta ɓace a hanya.

6. Amanar Mai Fassara

Maƙwabtanmu Musulmi ba su kiran juyin littafinsu Alkur'ani, sai su ce tarjamar ma'anoninsa, haka kuwa Malam Abubakar Gumi ya kira nasa juyin na Hausa. A gare mu al'amarin dabam ne. Yesu ya yi magana da Aramiya, amma da Helenanci aka rubuta Linjila, har Markus da Yohanna su kan kawo kalmarsa ta asali su fassarta nan take, kamar a Markus 5:41 da Yohanna 1:42. Tun ƙarni na uku kafin Almasihu aka fara juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci a Iskandariya, manzanni kuwa sun yi wa'azi da wannan juyi. Saboda haka in an karanta Littafi da Hausa, ko da Bura, ko da Margi, mu kan ce maganar Allah muka ji. Wannan babban alheri ne, amma yana ƙara wa mai fassara nauyi, gama abin da ya fito bakinsa jama'a za su karɓa da sunan Allah.

Aikin kuwa bai taɓa yiwuwa ga mutum ɗaya ba. A 1855 matafiyin nan Barth ya koma Turai daga Barno tare da samari biyu 'yantattu, Dorugu Bahaushe da Abbega Bamarge. Daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya ƙara koyon Hausa, ya fitar da Bisharar Matta a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Littafi Mai Tsarki dukansa ya fito a 1932, bayan wahalar shekaru ta Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa na mishan dabam dabam da Hausawan da suka zauna tare da su. Bayan kusan shekara 50 aka sake sabon juyi, domin harshe yana tafiya kamar ruwan kogi. Tarjumo ya koya mana wannan: juyin da kakanni suka ji sarai, jikoki sai an fassarta musu shi.

Mu da ba mu sha Hausa a nono ba mun san haɗarin da idonmu. Wata rana muna shirya takardar karatu a kan Yohanna 16:33, inda Ubangiji ke ƙarfafa almajiransa saboda tsananin da za su sha. Muka rubuta cewa yana so su yi zuciya. Mun duba ƙamus, mun ga kamar daidai ne. Da aka karanta a zumuntar mata a Maiduguri, wata tsohuwa wadda aka kashe mata ɗa ta ɗaga hannu ta ce, “Ɗana, ashe Ubangiji fushi ya ke so mu yi? Ni da na ke roƙo ya cire mini shi?” Muka ce, “A'a, Mama, kuskurenmu ne.” Muka soke, muka sa ƙarfin hali a wurin. Da ta yi shiru don kunya, da takardar ta zaga ekklesiyoyi tana koya wa masu makoki akasin abin da Ubangiji ya nufa.

Yusufu da Daniyel sun bar wa masu fassara gurbi. Dukansu biyu sun ce fassara ta Allah ce, ba wayonsu ba. Yusufu ya faɗa wa mai shayar da Fir'auna labari mai daɗi, ya kuma faɗa wa mai toye-toye labari mai ɗaci, bai sassauta ba. Daniyel ya ce wa Belshazzar ya riƙe kyautarsa, kāna ya karanta masa hukuncinsa. Tun daga 2014, sa'ad da mutanen Gwoza da Bama da Damboa da ƙauyuka da yawa suka gudo Maiduguri, majami'u sun cika da harsuna iri iri, tafinta ya zama kamar ƙofa ga mutane masu yawa. Ya ɗan'uwa tafinta, kada ka ƙara gishiri don a yaba maka, kada ka haɗiye tsautawa don mai kuɗi yana zaune a gaba. In ba ka ji ba, ka ce a maimaita. Bulus ya fi son kalma 5 da za su koyar da mutane, da 10,000 waɗanda ba mai ganewa.

7. Mummunar Fassara

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 sa'ad da ya ke gwada Ubangiji a bisa Haikali. Bitrus ya yi gargaɗi cikin wasiƙarsa ta biyu, sura 3 aya 16, a kan marasa ilimi masu murɗe wasiƙun Bulus su hallaka kansu. Har 'yan'uwa na fari sun taɓa kuskure, suka baza cewa wani almajiri ba zai mutu ba, sai Yohanna 21:23 ya komar da su ga ainihin abin da Yesu ya faɗa.

Mutanen Maiduguri ba su bukatar a gaya musu abin da murɗaɗɗiyar fassara ke haifarwa. Tun daga watan Yuli na 2009 sun ga abin da ke faruwa in samari suka karɓi fassarar mutum ɗaya ba bincike. Musulmi da Kirista duka sun binne 'ya'yansu, malaman Musulunci da suka ƙi wannan fassara kuwa suna cikin waɗanda aka kashe. Amma kada mu ce cutar ta gidan wani ce kaɗai. A cikinmu akwai masu sayar da fassarar mafarki, suna nuna wa mace kishiyarta ko surukarta su ce ita ce mayya. Akwai kuma jarabar da ta fi wannan kusa da zuciyar wanda aka ƙone masa gida.

Mun sha jin samari suna jawo Luka 22:36, inda Yesu ya yi zancen sayen takobi, su ce ga izinin ramuwa. Ba mu rena zafin da ke zuciyarsu ba. Amma mu yi wa ayar tambayar ma'ajin Habasha, mu karanta gabanta da bayanta. Aya ta 37 ta ɗaure maganar da cikar annabcin Ishaya 53, cewa za a lasafta shi cikin masu laifi. A aya ta 38 aka nuna masa takuba biyu ya rufe zancen, takobi biyu kuwa ba su isa mutum 11 yaƙi ba. Cikin daren nan, da ɗayansu ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya hana, ya warkar da kunnen, Matta 26:52 kuma ya nuna ya umarta a mai da takobin kube. Sa'an nan ku duba Ayyukan Manzanni daga fari har ƙarshe: an daki manzanni, an ɗaure su, an jajjefi Istifanus, an kashe Yaƙub, ba inda suka ɗauki makami don ramuwa. Su da suka ji maganar da kunnensu, haka suka fassarta ta da rayuwarsu. Zancen tsaron gari da hakkin hukuma yana da nasa darasi cikin Romawa sura 13, amma wannan aya ba ta ba kowa izinin ɗaukar fansa a kan maƙwabcinsa ba.

Akwai kuma wurin da mu ne a ke yi wa mummunar fassara. In muka ce Yesu Ɗan Allah ne, maƙwabcinmu na Limanti ya kan ji kamar mun ce Allah ya yi aure ya haihu, abin da mu ma mu ke ƙi ƙwarai. Ba mu da ikon cire kalmar, gama ba tamu ba ce. Ba kuwa daidai ba ne mu yi ta maimaita ta da ƙarfi mu bar shi cikin zatonsa. Sai mu zauna kusa da shi kamar Filibus, mu tuna masa Bahaushe ya kan ce ɗan gari ko ɗan kasuwa, ba wanda ya zaci kasuwa ta yi naƙuda. Misalin bai kai zurfin asirin ba, amma yana kawar da dutsen tuntuɓe, sa'an nan mu nuna masa Yohanna sura 1, inda aka kira Almasihu Kalma, aka ce shi ne ya bayyana Allah wanda ba a gani. Ko ya karɓa ko bai karɓa ba, ya zama abin da muka gaskata ne ya ji, da ladabi da tawali'u.

8. Abin Da Za Mu Riƙe

Na fari, a roƙi taimakon Ruhu Mai Tsarki kafin a buɗe Littafi, gama Luka 24:45 ya nuna Ubangiji ne ke buɗe hankali. Na biyu, kada a tsinke aya daga 'yan'uwanta, a karanta surar duka, a tambaya wa ke magana, da wa, a kan me. Na uku, a haskaka wuri mai wuya da wurare masu sauƙi, a kuma gwada kowace koyarwa da Littafi kamar yadda mutanen Biriya suka gwada ta Bulus, ko da daga bakinmu ta fito. Na huɗu, mai koyarwa ya tambayi mai ji abin da ya gane, ya fara da tsohuwa da yaron bakin ƙofa. Na biyar, abin da aka gane a aikata shi, gama yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa buɗe Linjila ba, halinmu a kasuwa da bakin famfo shi ne juyin da za su karanta.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Waɗanne matakai uku ne ke cikin Nehemiya 8:8? Wanne ne mu kan tsallake cikin sujadarmu?
2. Me ya sa jama'a suka yi kuka da fari, daga baya suka yi murna?
3. Harsuna nawa a ke ji cikin ƙungiyarku? Akwai wanda ke komawa gida bai gane wa'azi ba? Me za ku yi dominsa kafin Lahadi mai zuwa?
4. In wani ya kawo muku fassarar mafarki wadda ta sa wa ɗan'uwa laifi, da me za ku auna ta?
5. Yaya za ku amsa wa saurayin da ya jawo Luka 22:36, ba tare da rena baƙin cikinsa ba?

Ayar haddacewa ita ce Nehemiya 8:8. Kowa ya haddace ta da Hausa, ya kuma gwada faɗinta da harshen gidansu.

Addu'a

Ya Allah Ubanmu, mun gode maka da ba ka bar mu cikin duhu ba, ka aiko mana maganarka da harshen da mu ke ji. Ka sa albarka ga masu juya Littafinka, da tafintoci, da masu koyar da yara. Ka tsare bakinmu daga ƙari da ragi. Ka ta'azantar da masu makoki na Barno, Musulmi da Kirista, ka ba ƙasar salama. Ka buɗe hankalinmu mu gane, ka ba mu ikon aikata abin da muka gane, cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.